Ƙamus ɗin Oxford mai Turanci da yaren Chana: na yi aiki da shi a Daura, ga abinda na gani

Littafin da zan yi magana a kai sunanshi Oxford Advanced Learner's English-Chinese Dictionary, wato dai Oxford ɗin nan da muka sani tun muna sakandare, wanda malamin Turanci ke cewa duk wanda bai da shi kar ma ya shigo mashi aji, sai dai wannan an ƙara mashi yaren Chana a ƙarƙashin kowane bayani. Hukuncina tun daga farko don kar in ɓata ma kowa lokaci, littafi ne mai kyau ƙwarai da gaske, ya fi duk wata manhajar fassara da ke cikin waya wajen nuna ma mutum yadda kalma ke zama a cikin jimla, amma fa yana da tarko guda babba kuma tarkon a cikin abin nan da ya sa ake sonshi yake, idan ba'a nuna ma ɗalibi yadda zai kauce mashi ba to kuɗin kawai aka kashe.

Yadda akai har na san shi, ni malamin Turanci ne nan Daura, kuma kun san 'yan shekarun nan 'yan Chana sun ɗan yawaita a yankin nan, tun dai da aka aza harsashin jami'ar sufuri a ƙarshen 2019 wadda kamfanin CCECC na Chana ya gina, ga kuma hidimar kwangiloli nan da can. To akwai biyu da nake ma lesin da yamma bayan la'asar, ba zan faɗi inda suke aiki ba don ba shi ya tara mu ba. Ɗaya dattijo ne ya ba hamsin baya, ɗayan matashi ne da bai daɗe da gama jami'a ba. Magana suna ɗan taɓawa a wurin aiki da hannu da ƙafa ana fahimtar juna, abinda suke so shine karatu, su iya karanta wasiƙa da takardar yarjejeniya da jarida ba sai an kira tafinta ba. Dattijon ne ya taho da littafin daga gida, ya ɗauko shi cikin jaka kamar wani bulo, ya aje gabana yace laoshi, haka suke kiran malami, wannan shine babban.

Asalin ƙamus ɗin ma abin sha'awa ne don ba'a Ingila aka fara shi ba. Wani Bature ne A. S. Hornby da ya je koyar da Turanci Japan tun shekarun 1920, ya lura ɗalibanshi suna sanin ma'anar kalma amma basu san yadda za su saka ta a jimla ba, saboda ƙamus ɗin Turawa an rubuta shi ne don wanda ya tashi da yaren tun yana goye. Sai ya zamna da abokan aikinshi suka yi wani daban, aka buga a Tokyo 1942 ana tsakiyar yaƙin duniya, daga baya Oxford ta karɓa ta buga a 1948. Bugu na 10 na Turanci zalla ya fito 2020. Shi kuma mai yaren Chana ɗin, na babban yankin ƙasar, madaba'ar Commercial Press ce ke fitar da shi tare da Oxford, tsohuwar madaba'a ce da aka kafa a Shanghai tun 1897. Kun ga kenan tun daga tushe don baƙon yare aka yi shi, irinmu da irinsu.

In ka buɗe shafi ga abinda zaka tarar. Kalma, sai yadda ake furta ta na Ingila da na Amurka, sai a gaya maka suna ce ko aiki ce ko siffa, sai bayani da Turanci mai sauƙi, sai nan take fassarar bayanin da rubutunsu, sai misalai na jimla kowane da fassararshi. Su suna kiran irin wannan tsarin shuangjie, bayani biyu kenan. Bayanin Turancin kuma ba da manyan kalmomi ake yinshi ba, akwai wasu kalmomi kusan 3000 da Oxford ta ware tace sune ginshiƙi, da su ake bayyana sauran, kuma duk inda ɗaya daga cikinsu ta fito zaka ga ɗan hoton makulli kusa da ita. Wannan makullin wallahi ya taimake ni ba kaɗan ba, zan dawo kanshi.

To mi ya sa nace ya fi waya. Bari in bada misali guda da kowa zai gane. A yarensu akwai kalma kai, da ita suke buɗe ƙofa, da ita suke kunna fitila, da ita suke tuƙa mota, da ita ma suke zaman taro. Ɗan ƙaramin ƙamus ko manhaja zata ce maka kai shine open, shikenan an gama. Shi ya sa dattijon nan in magariba ta kawo kai sai yace mani open the light. Mu Hausawa bai kamata mu yi dariya ba don namu ya fi haka, mu da muke cin tuwo mu ci jarabawa mu ci zaɓe mu ci amana mu ci bashi duk da baki ɗaya, yaron da aka ce ma ci shine eat ai kun san abinda zai rubuta a WAEC. Shi wannan Oxford ɗin in ka je open zaka ga an jera abubuwan da ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya da misalai, ƙofa, ido, kwalba, shago, asusun banki, ka duba sama ka duba ƙasa ba fitila. Ka koma light sai ka ga misalan da ke nuna maka kalmomin da ke tafiya da ita. Ba wanda ya yi maka wa'azi, misalan ne suka gyara ka. Ni a wurina kuɗin littafin gaba ɗaya misalan nan ake saya, bayanin ma biyo baya ne.

Yanzu tarkon. Ido malalaci ne jama'a. In ka aje ma mutum layi biyu, ɗaya da yaren da yake wahala da shi ɗaya da yaren da uwarshi ta yi mashi, wallahi ko bai yi niyya ba idon zai tsallake na farko ya faɗa na biyu. Ina zamne ina kallon dattijon, zai buɗe shafi, yatsanshi ya sauka kai tsaye kan rubutun Chana na ma'ana ta farko, ya kwafe ta da fensir a saman kalmar Turancin a takardar da muke karantawa, ya rufe littafi. Sakan goma bai cika ba. Bayanin Turancin bai karanta ba, misalan bai kalla ba, ma'ana ta biyu da ta ukku da ta bakwai ko sanin suna nan bai yi ba. Ya ɗauko littafi mai shafi sama da dubu biyu tun daga Chana ya maida shi abinda waya ke yi kyauta. Kuma kowace kalma yake ma haka, har wadda jimlar da kanta ta riga ta faɗa mashi ma'anarta, sai ka ga shafi guda ya cika da ƙananan rubutu tsakanin layi da layi har Turancin ya ɓace a ciki, in muka kai ƙarshen sakin layi na tambaye shi to Oga mi aka ce, sai ya yi shiru, don ya san kalmomin ɗaya ɗaya amma labarin ya tsere tun a layi na biyu.

Ba laifinshi bane shi kaɗai, haka aka koya masu, kuma haka mu ma da yawa aka koya mana. Kuma gaskiya ba laifin littafin bane kai tsaye, amma tunda tsarin shafin ne ke jawo hakan dole in rubuta shi cikin aibin littafin.

Abinda muka koma yi, kuma shine dalilin da yasa na ɗauki wahalar wannan dogon rubutun. Na farko littafin baya buɗuwa a karatun farko. Yana nan kan tabarma a rufe, in ya kama in ɗora mashi kofin shayi in ɗora. Za'a karanta sakin layin ko shafin gaba ɗaya, duk kalmar da ba'a sani ba a ja mata ɗan layi da fensir a wuce. In an kai ƙarshe sai in ce to faɗa mani abinda ka fahimta ko da rabi ne. Mafi yawan lokuta sai ka ga ya fahimci fiye da yadda yake zato, shi kanshi yana mamaki. Sannan a dawo kan masu layi, a nan ma ba duka ba. Wadda ta fito sau biyu ko ukku a shafin, ko wadda in babu ita jimlar bata tsayawa, su ake nema. Sunan wata bishiya ko launin rigar wani a cikin labari, a barshi ya wuce Allah ya haɗa mu gaba. Kafin a buɗe kuma sai ya yi hasashe tukuna, ya faɗi abinda yake jin kalmar ke nufi kuma suna ce ko aiki, don wanda ya shiga ƙamus da hasashe a kanshi yana neman tabbaci ne, yana kallon ma'anoni yana auna su, wanda ya shiga da kai fayau kuwa duk abinda ya fara gani shi zai ɗauka.

Sai kuma ɗan kwali. Na yanko kwalin sabulu siriri kamar rula, in an buɗe shafi sai a rufe layin Chana da shi, a karanta bayanin Turanci da misali guda biyu, ya faɗi abinda ya gane, sannan a zame kwalin a ga ko ya dace. In ya dace zaka ga fuskarshi ta washe, in bai dace ba to ga fassarar nan ta cece shi nan take ba sai an tafi da kuskure gida ba. A nan ne littafin ke nuna kanshi wallahi, don da ƙamus ɗin Turanci zalla ne da babu mai tabbatar mashi, ni kuma bana jin yarensu balle in ce eh haka ne. Fassarar nan alƙali ce, a ƙarshe ake zuwa wurinta, in aka fara da ita an kashe shari'ar.

Ranar farko dattijon bai so ba sam, yace laoshi wannan ɓata lokaci ne ga amsa a ƙasa. Nace Oga amsar tana nan ba inda zata, kai ne dai zaka koma Chana wata rana ka tarar baka tafi da komai ba. Ya yi dariya ya karɓi kwalin.

Kuma ba wai ni na ƙirƙiro wannan daga kaina ba, masu bincike sun daɗe suna magana a kai. Akwai Paul Nation, da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Victoria da ke Wellington ta ƙasar New Zealand, wanda ya yi suna a harkar koyon kalmomi, lissafinshi shine kafin mutum ya karanta rubutu cikin jin daɗi ba tare da taimako ba sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin, wato baƙuwa guda cikin kowace 50, kuma don karanta littafin labari ko jarida ta asali ana buƙatar dangin kalmomi, wato kalma haɗe da sauran siffofinta, 8000 zuwa 9000. To in ka ga ɗalibi yana buɗe ƙamus sau ashirin a shafi guda ba ƙamus ne matsalar ba, rubutun ne ya fi ƙarfinshi, a sauko mashi da mai sauƙi. Mu ma haka muka yi, muka aje jarida gefe na wani lokaci muka koma ƙananan littattafan nan da ake sauƙaƙa ma masu koyo mataki mataki, irin jerin Oxford Bookworms, ashe ma a can ƙasarsu sananne ne, matashin yace shi ya karanta su tun yana sakandare. Akwai kuma wani bincike da Luppescu da Day suka fitar a 1993 kan ɗaliban Japan, waɗanda aka bari da ƙamus sun fi riƙe kalmomi a gwajin da ya biyo baya amma karatun ya ɗauke su kusan ninki biyu na lokaci. Kun ga kenan abu ne na ciniki, kowace buɗewa akwai riba akwai farashi, shi ya sa ake zaɓe.

Shi matashin ciwonshi daban ne, kuma ni ya fi bani tausayi. Yaron nan ya san kalmomi kamar mi. A can kafin ka zauna gaokao, babbar jarabawarsu ta shiga jami'a da ake yi a watan Yuni, ana son ka san kalmomi wajen 3500, in ka shiga jami'a kuma ga wata jarabawar Turancin CET tana jiranka da ƙari. Haddace su suke yi daga jeri, kalma da fassara, kalma da fassara, tun daga harafin A. Har barkwanci suke da shi yace, wai kowa ya fi sanin abandon don ita ce a farkon jerin kuma daga nan da yawa ke watsar da littafin. To shi bai watsar ba ya haddace, amma kowace kalma fuska ɗaya ya san ta da ita. Muna karanta wata takardar yarjejeniya ta gwaji muka zo kan third party sai naga ya tsaya yana juya kai, shi party ɗin da ya haddace biki ne da jam'iyya, yana mamakin mi ya kawo biki na ukku cikin maganar kwangila. Irin wannan ɗalibin bai ma san yana buƙatar ƙamus ba, don a ganinshi ya san kalmar, kuma wannan ya fi rashin sani haɗari. Dokar da na kafa mashi ita ce in ka san duk kalmomin jimla amma jimlar bata bada ma'ana, to ɗaya daga cikin sanannun nan ce ta sauya riga, nemo ta. Littafin ya yi kyau a nan sosai, kalmomi masu ma'ana goma sha an sa ma ma'anonin ɗan kanu gajere gajere, sai ka bi da ido har ka iso wadda ta dace da abinda kake karantawa, ba sai ka karanta shafi biyu ba. Haka su give up da put off da carry out, waɗannan da ke haɗa aiki da ɗan ƙaramin harafi ma'ana ta sauya gaba ɗaya, an ware masu wurinsu a ƙarshen kowace kalma, kuma sune ke kada 'yan Chana fiye da komai a abinda na gani.

Wani abu ƙarami da mutane ke tsallakewa, harafin C da U da ake sawa gaban suna, wato wanda ake ƙirgawa da wanda ba'a ƙirgawa. Yarensu baya ƙara ma suna komai don jam'i yadda Turanci ke yi, babu su a da the, aiki baya sauya siffa don jiya ko gobe, he da she ma a baki sauti ɗaya ne sai a rubuce ake bambantawa. To duk waɗannan ƙananan alamomin da mu muke gani kamar ado su a wurinsu abinci ne. Ranar da matashin ya gano equipment da advice da information duk U ne ya daɗe yana kallon shafin. Ban gaya mashi cewa rabin takardun ofisoshinmu equipments suke rubutawa ba, kar in ruɗa yaro.

Makullin da nace zan dawo kanshi, da shi muke yanke hukuncin wace kalma zata shiga littafin rubutu. In tana da makulli to ta cancanci a kwafe ta, kuma ba ita kaɗai ba, da jimlar da aka tsince ta a ciki da misali guda daga ƙamus, fassarar Chana kuma can gefen shafi inda za'a iya naɗe takardar a ɓoye ta. In bata da makulli a gane ta a wuce. Kalma biyar shidda a zama guda sun isa, in an dawo lesi na gaba da su ake farawa.

Batun furuci kuwa littafi dai baya magana. Alamomin furucin suna nan kuma abin mamaki su biyun duk sun iya karanta su, a makaranta ake koya masu, abinda ɗalibanmu da yawa basu iya ba. Amma sauti sai kunne, don haka mukan buɗe shafin Oxford na masu koyo a intanet, kyauta ne, a danna a ji na Ingila a ji na Amurka, in data ta yarda kenan. Sannan su fita waje su ji Turancin Daura inda P da F ke musayar wuri yadda suka ga dama, su dawo suna tambayata wanne ne daidai. Nace duka, ya danganta da wanda kake son ya fahimce ka.

Kar a ce na tsani waya. Matashin yana da Youdao a wayarshi, manhajar kamfanin NetEase, kusan duk ɗan Chana mai koyon Turanci ya san ta, har wani alƙalami suke da shi da ake gogawa kan layi ya karanto ya fassara. In kana tsaye a wurin aiki an miƙo maka takarda ana jiran amsa, ai ba zaka ce a jira ka je gida ka ɗauko bulo ba, wayar ce daidai. Amma saurin nata shine ke sa abu baya zama, ka duba ka gane ka manta, gobe ka sake duba ita dai wannan kalmar. Wahalar juya shafi da bin haruffa da karanta misali, wannan 'yar wahalar ita ke manna kalmar a kai, aƙalla haka na gani a wurin mutum biyun nan. Mun raba masu aiki, waya da rana littafi da yamma.

Sauran aibobin a gurguje. Nauyi, ba littafin yawo bane. Takardar siririya ce ƙwarai, in yatsa da gumi ko an taɓa ƙosai to shafin ya ji jiki, lokacin hunturu kuma ƙura ke shiga tsakani dole a riƙa sa shi a leda. Rubutun ƙanana ne, na Chana ɗin ma ya fi ƙanƙanta, dattijon sai da tabarau, in NEPA suka ɗauke muka koma fitilar waya to lesi ya zama rabi. Ba ƙamus ɗin sana'a bane, kalmomin injiniyoyi masu zurfi sai an nemi nasu daban. Sannan in suna karanta Daily Trust suka ci karo da hakimi ko dagaci ko kunu a tsakiyar Turanci, nan Hornby ya miƙa wuya sai laoshi. Babban Oxford ɗin can mai juzu'i da yawa ya shigar da su Kannywood da okada da danfo a farkon 2020, amma wancan littafi ne daban kar a haɗa. Na ƙarshe kuma mai muhimmanci, sunanshi Advanced kuma da gaske ake, wanda bai kai ga karanta bayanin Turancin ba ko da taimakon kwali to bai isa wannan ba tukuna, akwai ƙannenshi na matakin farko da na tsakiya su ma masu yare biyu, da su ya kamata ya fara, in ba haka ba fassarar kawai zai riƙa karantawa mu koma gidan jiya.

Wani abokin aikina da ya gani a hannuna yace Malam ai Longman ya fi. To shi ma yana da kyau ban musa ba, ya fito 1978 kuma da kalmomi 2000 yake bayani don haka wani lokacin ya fi sauƙin shiga kai, Collins COBUILD na 1987 kuma da cikakkiyar jimla yake bayyana kalma kamar mutum na yi maka magana. Duk wanda ka samu cikin ukkun nan baka yi asara ba, musun wanne ya fi irin musun 'yan ƙwallo ne a majalisa, yadda kake buɗe shi ya fi sunan da ke bangon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Abinda ya tsaya mani a rai dai tun da na fara riƙe littafin nan kishi ne, ba zan ɓoye ba. Muna da Bargery na 1934, muna da Abraham na 1949, Skinner ya yi na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman ta yi nata a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da na Hausa zalla a 2006, duk ayyuka ne manya Allah ya saka. Amma ba ɗaya cikinsu da aka gina a wannan tsarin, bayanin Turanci mai sauƙi da misalai sannan Hausa a ƙasa tana tabbatar maka. Yaranmu na SS2 ko dai su riƙe Oxford na Turanci zalla suna kallonshi yana kallonsu, ko su riƙe ɗan ƙaramin nan na kasuwa mai kalma ɗaya fassara ɗaya. Yanzu a aji abinda nake yi shine in zama ni ne layin ƙasan, su karanta bayanin su faɗi abinda suka gane da Hausa, sannan in ce eh ko a'a. Yana aiki, sai dai ni ɗaya ne su kuma sun fi saba'in.

Tauraro huɗu cikin biyar na bashi, guda ɗayan na cire ne saboda shafin baya kare ɗalibi daga idonshi, da kuma ƙanƙantar rubutu. Wanda ke koyar da 'yan Chana a Katsina ko Kano ko nan, ko ɗan kasuwa da abokin hulɗarshi ke son gyara Turanci, ya sa a taho mashi da shi, masu zuwa Guangzhou sari ba su ƙarewa, a shagunan littattafanmu na nan dai ban gan shi ba, na Turanci zalla ne ke akwai. In za'a sayo a duba abu biyu. A tabbatar akwai sunan Oxford a bango, in bugun babban yankin Chana ne kuma har da na Commercial Press. Sannan a tambayi mai karatun wane rubutu ya iya, don akwai bugu mai sauƙaƙan haruffa na babban yankin Chana akwai kuma mai tsofaffin haruffa da ake amfani da su a Hong Kong da Taiwan, in aka kawo ma mutum wanda ba nashi ba zai iya lallaɓawa amma zai sha wuya a banza. Kwalin sabulun kuma wannan kai zaka yanka da kanka, baya zuwa cikin kwalin littafin.